Tanderun narka ƙarfe: Ransa na cikin bangonsa, darasi ga Ajaokuta

Daga Wakilinmu, Alhilla Kuku, Khartum

Tun bayan da sojojin Sudan suka sake karɓe birnin Khartum a watan Maris na shekarar 2025, mutanen da yaƙi ya tarwatsa suka fara komawa unguwanninsu na Bahri da Omdurman da nan Alhilla Kuku, abin da ke gaban kowane magidanci shi ne yadda zai tayar da abin da ya rushe. Gini kuwa ba ya tashi sai da siminti da rodi. Hatta gadar Shambat da ta haɗa Bahri da Omdurman, wadda aka karya a watan Nuwamba na 2023, babu abin da zai mayar da ita kan ƙafafunta in ba ƙarfe mai yawan gaske ba.

Abin tambaya a nan shi ne, daga ina wannan ƙarfe yake fitowa? A shekarar 2023 duniya ta samar da ƙarfe kusan tan biliyan 1.9, kuma kimanin tan bakwai cikin kowane goma sun biyo ne ta cikin wani irin dogon tanderu da ake narka tama a cikinsa, wanda za mu kira tanderun zuga, domin iska mai zafi ake zuga masa dare da rana kamar yadda yaron maƙeri ke yi da zugazugi. Sudan ba ta da irin wannan tanderu ko ɗaya. Masana'antar ƙarfe ta birnin masana'antu na Giad, da aka buɗe a shekarar 2000 kimanin kilomita 50 kudu da Khartum, an tsara ta ne a kan narka tsofaffin ƙarafa da wutar lantarki. Nijeriya kuwa tana da guda ɗaya a Ajaokuta cikin Jihar Kogi, wanda ya shekara talatin da ɗoriya a tsaye amma har zuwa 2025 ba a taɓa hura masa wuta ba.

Duk lokacin da aka tayar da maganar Ajaokuta, abin da jama'a ke ji shi ne "saura kashi biyu cikin ɗari a gama". Wannan maƙala za ta nuna wa mai karatu cewa gama ginin tanderu somin-taɓi ne, domin babban aikin shi ne riƙe shi da rai na shekara 15 ko 20 ba tare da ya huce ba, kuma a kan wannan ne ƙasashen da suka ƙware a harkar ƙarfe suka fi kashe kuɗi da basira.

Yaya tanderun yake aiki?

A siffa, tanderun zuga kamar wani ƙaton rumbu ne na ƙarfe mai tsawon mita 30 ko fiye, mai faɗin ciki, wanda aka jera wa tubalin da ke jure wuta ta ciki. Ta samansa ake zuba kaya hawa-hawa: tama, da farar ƙasa, da gasasshen kwal da ake kira kok, wato kwal ɗin da aka gasa a rufe babu iska har ya zama tamkar gawayi mai tauri. Ta ƙasansa kuma, a kewaye, akwai bakunan iska na jan ƙarfe da ke feso iskar da aka dafa har zafinta ya kai digiri 1,000 zuwa 1,250 a ma'aunin Salshiyas. A gaban waɗannan bakuna, inda iska ke haɗuwa da kok, zafin wuta kan haura digiri 2,000.

Hayaƙin da ke tashi daga wannan ƙuna shi ke raba tama da iskar da ke ɗaure da ita, sai ƙarfen ya narke ya riƙa ɗiga zuwa gindin tanderu, inda yake taruwa kamar ruwa a kasko da zafin kusan digiri 1,500. Dattin dutse kuma, wato abin da muka sani da kashin maƙera, farar ƙasa ce ke tattara shi ya narke ya yi iyo a saman ƙarfen. Lokaci-lokaci sai a huda wata ƙofa da aka toshe da yumɓu na musamman, ƙarfe da kashin su kwararo, a raba su, a sake toshewa. Domin a samu tan ɗaya na narkakken ƙarfe ana bukatar tama kimanin tan ɗaya da rabi ko ɗan fiye, da makamashi kusan rabin tan.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Mutanen ƙasar Sin sun san narka ƙarfe ya zama ruwa tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Ingila, Abraham Darby ne ya yi nasarar amfani da kok a maimakon gawayi a shekarar 1709, sannan a 1828 wani ɗan Sikotlan mai suna James Neilson ya fito da dabarar dafa iska kafin a zuga ta. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne girma da kuma daɗewa. Tanderu na ɗaya a masana'antar Gwangyang ta Koriya ta Kudu, bayan gyaran da aka yi masa a 2013, cikinsa ya kai kubik mita 6,000, wato ninki uku na wanda ke Ajaokuta mai kubik mita 2,000.

Kakanninmu ma sun san matsalar

Duk wanda ya bi hanyar Shendi zuwa Atbara zai wuce tsohon birnin Marawi na daular Kush, wanda Turawa ke rubutawa Meroe, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum. A gefen birnin akwai tuddai baƙaƙe waɗanda ba ƙasa ba ce, kashin maƙera ne zalla da masu narka tama suka tara cikin ɗaruruwan shekaru, har layin dogo ma sai da ya ratsa ta tsakiyar ɗaya daga cikinsu. Yawansu ne ya sa wani Baturen Ingila, Archibald Sayce, ya kwatanta wurin da birnin Birmingham a farkon ƙarni na 20.

Haka abin yake a ƙasarmu ta asali. A Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, masu tonon tarihi sun gano murahun narka tama da suka kai kimanin shekara 2,500. A gindin Dutsen Dala na Kano ma an samu shaidar narka tama tun wajen ƙarni na bakwai. Murahun wancan zamani na yumɓu ne, da gawayi ake aiki, kuma ba sa narka ƙarfen ya zama ruwa, wani dunƙule suke fitarwa wanda sai maƙeri ya yi ta bugu kafin ya tsarkaka. Amma matsalarsu ɗaya ce da ta yau: wuta na cin bango. Shi ya sa a wurare da dama, bayan an gama narka, sai a sake yaɓe cikin murhun da sabon yumɓu kafin a koma aiki. Bambancin kawai shi ne, na da zai iya barin murhunsa ya huce ya gyara da hannu cikin kwana biyu, na yau kuwa in ya bari ya huce ba shiri, ya shiga uku.

Me ke cin bangon?

Masu wannan sana'a na auna ran tanderu ne da abin da za mu kira zango, wato daga ranar da aka hura masa wuta zuwa ranar da aka kashe ta domin a sake masa bangon ciki. A tsakiyar ƙarni na 20, tanderun da ya yi zangon shekara biyar ko bakwai ya yi ƙoƙari. A yau ana gina su ne da niyyar su yi shekara 15 zuwa 20, wasu ma sun zarce haka nesa ba kusa ba.

Kowane sashe na tanderu da irin ciwonsa. A sama, kayan da ake zubawa ne ke goge tubali yayin da suke gangarowa, kamar yadda dutsen niƙa ke cinyewa a hankali. A tsakiya, inda tama ke fara narkewa, zafi ne ke hawa da sauka, tubali ya buɗe ya tsuke har ya tsage. Akwai kuma wasu sinadarai masu kama da kanwa, da kuma tutiya, da ke shigowa tare da kaya, su zama tururi su kutsa cikin ƙofofin tubali, su kumbura shi ta ciki har ya marmashe.

To sai dai mafi hatsari shi ne gindin tanderu, inda narkakken ƙarfe ke kwance. A tsakiyar wannan wuri akwai tarin kok da ba ya motsi sosai, wanda ma'aikata ke yi wa laƙabi da "matacce". Idan ƙarfe ya kasa ratsa wannan tari, sai ya riƙa zagayawa ta gefe yana neman ƙofar fita, yana zaizayar kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, kamar yadda ruwan kogi ke cin gaɓa. Ramin da yake yi yakan yi faɗi ta ƙasa, shi ya sa ake kiransa "ƙafar giwa". Sauran sassan tanderu ana iya yi musu faci ana cikin zango, amma gindi da wuya a taɓa shi sai an kashe wuta, don haka shi ne ke yanke yawan shekarun da tanderu zai yi.

Abokin gaba na ƙarshe kuwa shi ne ruwa, duk da cewa shi ne kuma ke kare bangon. Idan bututun sanyaya ya fashe ruwa ya zuba ciki, yana lalata tubalin gindi, in kuma ya haɗu da narkakken ƙarfe sai fashewa. Ranar 8 ga Nuwamba, 2001, irin haka ta faru a tanderu na biyar na masana'antar Port Talbot da ke yankin Wales na Birtaniya, bayan an yi kwanaki ruwa na yoyo a ciki. Ƙarfin fashewar ya ɗaga saman tanderun mai nauyin kusan tan 5,000 sama da rabin mita, ma'aikata uku suka rasu, wasu 12 suka ji munanan raunuka.

Dabarun zamani na ƙara wa tanderu kwana

Babban abin da injiniyoyi suka gano shi ne, babu tubalin da zai yi shekara 20 yana gogayya da wuta kai-tsaye. Dabarar ita ce a sanyaya bangon ta baya sosai, ta yadda kashin maƙera da ƙarfen da suka taɓa shi za su daskare su zama ɓawo, wannan ɓawo kuma shi zai riƙa karɓar dukan wuta. In ya ɓanɓare, wani ya sake kamawa. Wato tanderun ne ke ɗinka wa kansa riga.

Domin haka ake jera wasu manyan alluna a jikin bangon ƙarfe ta ciki, masu hanyoyin ruwa a cikinsu. A da na baƙin ƙarfe ake yi, amma daga ƙarshen shekarun 1970 aka fara gwada na jan ƙarfe a Jamus, kuma daga shekarun 1990 suka bazu a duniya. Jan ƙarfe na kwashe zafi da sauri ninki da yawa fiye da baƙin ƙarfe, saboda haka ɓawon kan sake kamawa cikin ɗan lokaci. Shi ma yana da nasa aibin, domin yana da laushi, in kaya na gugarsa babu ɓawo yakan cinye, ko ya lanƙwashe ya karya bututu. Shi ya sa a wasu masana'antu ake dasa masa wasu haƙora masu tauri a fuska don su riƙe ɓawon. Ruwan da ke zagayawa kuma tataccen ruwa ne da ke cikin rufaffen bututu, ana auna abin da ya shiga da abin da ya fita, ta yadda ko ɗan yoyo aka samu za a gane nan take.

A gindin tanderu kuwa, manyan tubala na kabon ake jerawa, waɗanda aka matse har ƙofofin jikinsu suka ƙanƙance ainun ta yadda narkakken ƙarfe ba ya iya kutsawa. Wasu kan ƙara da wani kasko na tubalin tangaran a samansu. Haka nan an koyi zurfafa gindin ƙasa da ƙofar fitar ƙarfe, domin "matacce" ya ɗan taso ya yi iyo, ƙarfe ya samu hanya ta ƙarƙashinsa ya daina cin gefe.

Dabara ta uku ita ce sa ido. Ana binne ɗaruruwan na'urorin auna zafi cikin tubalin gindi, suna aika rahoto ga kwamfuta dare da rana. Abin da kwamfutar ke bi shi ne layin da zafi ya kai digiri 1,150, domin a nan ne irin wannan ƙarfe ke daskarewa. In aka ga layin na matsowa kusa da bangon waje, an san tubali ya cinye ta wurin. Akwai kuma na'urar da ke ƙwanƙwasa bangon daga waje ta saurari amsa-kuwwa, ta faɗi kaurin tubalin da ya rage, kusan kamar yadda mai sayen tulu ke ƙwanƙwasa shi ya ji ko akwai tsagu.

Idan aka gano wuri ya yi zafi, akwai matakan da ake bi. Ana iya rage zuga, ko a toshe bakin iskar da ke saman wurin, ko a ƙara ƙarfin ruwa. Ana kuma zuba wani dutse mai ɗauke da sinadarin titaniyom cikin kaya, irin baƙin yashin nan da ake samu a tarkacen haƙar kuza a Filato. Shi wannan sinadari yakan haɗu da kabon ya yi wani ɓawo mai tsananin tauri da ke mannewa a wurin da ya cinye. Bugu da ƙari, ana huda bangon ƙarfe daga waje a ɗura wani kwaɓi da famfo don cike giɓin da ya buɗe tsakanin tubali da bango, domin giɓin iska na hana sanyi isa ga tubali.

Ga sassan sama kuma, akan tsaida zuga na 'yan kwanaki, a bar kaya su sauka ƙasa, a zura wata na'ura mai sarrafa kanta ta sama, ta wanke bangon sannan ta feshe shi da kankare mai jure wuta. Babu ɗan Adam da ke shiga ciki. Ana maimaita wannan lokaci-lokaci cikin zango.

Har ila yau, yadda ake zuba kaya ma na da tasiri. A shekarar 1972 kamfanin Paul Wurth na ƙasar Luksambak ya fito da wata mazurara mai juyawa da ke saman tanderu, wadda ke ba ma'aikaci damar ajiye tama ko kok a daidai inda yake so. Da wannan ake tura zafin hayaƙi ya bi ta tsakiya a maimakon ya riƙa lasar bango.

Sakamakon waɗannan dabaru a bayyane yake. Tanderu na ɗaya na masana'antar Tubarao a Burazil, da aka kunna a 1983, sai a 2012 aka kashe shi don babban gyara, bayan shekara 28 da ƙarfe fiye da tan miliyan 90. Tanderu na biyar a Wakayama ta Japan ya yi aiki daga 1988 zuwa 2019, kusan shekara 31. Duk waɗanda suka yi nazarin irin waɗannan tanderu abu ɗaya suke nanatawa: kaya masu kyau iri ɗaya kullum, da aiki a natse babu tsaye-tsaye. Kowace tsayawar ba-zata tana rage wa tanderu kwana.

Ranar babban gyara

Komai daren daɗewa, wata rana dole a kashe wuta. Wannan aiki akan yi shekara biyu ko uku ana shirya masa, domin tubalan gindi da allunan jan ƙarfe sai an ba da odarsu tun da wuri. In ranar ta zo, sai a daina zuba kaya ana ci gaba da zuga har cikin ya sauka zuwa bakunan iska, ana fesa ruwa ta sama cikin lissafi don kada zafi ya yi yawa. Daga nan sai a huda can ƙasa da ƙofar da aka saba, a tsiyaye ƙarfen da ya kwanta a gindi tun yana ruwa. In aka bari ya daskare, zai zama dunƙule mai ɗaruruwan tan wanda sai da nakiya ko zarton waya ake iya fasa shi.

Tunda kowace rana ta tsayawa asarar dubban tan ce, gasar da ake yi ita ce ta rage kwanaki. A da, gyaran babban tanderu kan ci wata uku zuwa huɗu ko fiye. A shekarar 1998 kamfanin Kawasaki na Japan ya sake tanderu na shida a masana'antarsa ta Chiba cikin kwana 62 kacal, bayan zangon shekara 20 da 'yan watanni. Abin da suka yi shi ne, tun tsohon na aiki suka harhaɗa sabon a gefe cikin manyan zobba, kowane da allunansa na sanyaya a jiki. Da aka kashe wuta sai aka yanka tsohon gunduwa-gunduwa aka janye, aka turo sababbin aka ɗora aka yi walda. Wannan hanya ce manyan masana'antu da dama suka kwaikwaya daga baya.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Gyaran tanderun Schwelgern na biyu a birnin Duisburg na Jamus, da aka yi a 2014 bayan zangon shekara 21, ya ci kimanin Yuro miliyan 200 tare da ayyukan da ke kewaye da shi.

Domin mai karatu ya san nauyin barin tanderu ya huce, sai ya tuna abin da ya faru a Birtaniya a 2025. Kamfanin Jingye na ƙasar Sin, mai masana'antar Scunthorpe, ya daina sayen kayan da za a ciyar da tanderu biyu da suka rage wa ƙasar baki ɗaya. Ranar Asabar 12 ga Afrilu aka kira 'yan majalisa daga hutu, suka zartar da dokar gaggawa a yini guda wadda ta ba gwamnati ikon karɓe ragamar masana'antar, ba don komai ba sai don kada wutar ta mutu ƙarfe ya daskare a ciki.

Ina aka kwana a Ajaokuta?

A shekarar 1979 Nijeriya ta ƙulla kwangilar gina masana'antar Ajaokuta da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyet, Shugaba Shehu Shagari kuma ya aza harsashi a 1980. An tsara kashin farko zai fitar da tan miliyan 1.3 a shekara. Wasu sassan murza ƙarfe sun fara aiki tun 1983 da sandunan da aka sayo daga wani wuri, kuma zuwa 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98 cikin ɗari, daga nan ya tsaya. A 2003 an miƙa wa kamfanin Solgas na Amurka, a 2004 aka koma ga kamfanin Global na 'yan Indiya, a 2008 gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke yarjejeniyar. Shari'ar da ta biyo baya sai a 2022 aka sasanta ta, Nijeriya ta amince ta biya Dala miliyan 496. A 2023 Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa ƙarafa, a watan Satumba na 2024 kuma aka sa hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin Rasha na asali a birnin Mosko.

Su ma masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Osogbo, waɗanda aka tsara kowace za ta murza tan 210,000 a shekara, an gina su ne su dogara da sandunan da za su zo daga masana'antar Aladja ta Jihar Delta ta yanzu, wadda aka buɗe a 1982. Da Aladja ta kasa wadatar da su sai suka yi ta tangal-tangal, har aka sayar da su a tsakiyar shekarun 2000.

Idan aka auna Ajaokuta da abin da muka bayyana a sama, abubuwa uku ne ke fitowa fili. Na farko, tanderun da ba a taɓa kunnawa ba bai zama sabo ba don kawai bai ga wuta ba. Tsarinsa na shekarun 1970 ne, kafin yaɗuwar allunan jan ƙarfe da tubalan gindi na zamani da sa idon kwamfuta. Bututu da injuna da wayoyi da duk wani tubalin da ya sha damina talatin, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk abin da za a sauya a gindinsa, yanzu ne lokacin yi tun yana sanyi, domin in aka hura wuta ƙofa ta rufe sai bayan shekaru.

Na biyu shi ne ciyarwa. Tan miliyan 1.3 a shekara na nufin kusan tan 3,500 a kullum, wanda ke bukatar tama fiye da tan 5,000, wato lodin tirela mai ɗaukar tan 30 kusan 180 a kowace rana ta Allah, ban da kwal da farar ƙasa. Tamar Itakpe ba ta da ƙarfi sosai, kimanin kashi 36 cikin ɗari ne ƙarfe a cikinta, sai an niƙa an tace ta haura kashi 60. Kwal ɗin Inugu ba ya gasuwa ya zama kok mai kyau, na Lafiya-Obi a Jihar Nasarawa kuma toka da ƙibiritu sun yi masa yawa, saboda haka akasarin kwal sai an shigo da shi ta teku. Layin dogon Itakpe zuwa Warri da ya ratsa Ajaokuta, wanda aka ƙaddamar a 2020, ya rage wani ɓangare na matsalar, amma jirgi ɗaya ya makara ko kuɗin waje ya yanke na wata guda, tanderu ne zai biya da ransa.

Na uku shi ne mutane da kayan gyara. Matasan da aka tura Rasha da Indiya koyon aiki a shekarun 1970 da 1980 akasarinsu sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, ba tare da sun ga narkakken ƙarfe ya fito daga tanderun da aka horar da su dominsa ba. Sannan tubalin jure wuta abu ne da ake bukata kullum. Akwai farin yumɓu mai kyau a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da wasu wurare, amma mafi yawan irin wannan tubali da masana'antun Nijeriya ke amfani da shi daga waje yake zuwa.

Shawarar da ke ɗaure ƙasa shekara ashirin

Akwai kuma wani sabon lissafi da ba a yi shi a 1979 ba. Kowane tan na ƙarfe da ya bi ta tanderun zuga yana sakin hayaƙin kabon fiye da tan biyu, kuma masana'antar ƙarfe ita ke da kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari na wannan hayaƙi da ke ɗumama duniya. Shi ya sa a Turai, duk tanderun da zangonsa ya zo ƙarshe sai an yi muhawara: a sake masa bango ya ƙara shekara 20, ko a rufe? A Port Talbot an kashe tanderu biyun ƙarshe a 2024 da shirin komawa narka tsofaffin ƙarafa da lantarki. A Suwidin kuwa, tun 2021 aka fitar da ƙarfen gwaji da aka tace tamarsa da iskar haidurojin ba tare da kwal ba.

A Afirka abin ya rabu biyu. Masar ta rufe tsohuwar masana'antarta ta Helwan mai tanderun zuga a 2021, ta dogara da hanyar tace tama da iskar gas. Zimbabwe kuwa, wadda masana'antarta ta Zisco ta durƙushe tun 2008, ta ga an kunna sabon tanderu a Manhize a 2024 da jarin 'yan ƙasar Sin. Nijeriya na da iskar gas mai yawa amma ba ta da kwal mai kyau, kuma Aladja tun asali a kan gas aka gina ta. Sudan kuma, abin da yaƙi ya bar mata a yalwace shi ne tarkacen ƙarfe, na motoci da gine-gine da masana'antu, wanda in aka hana shi sulalewa zuwa ƙetare aka samu wutar lantarki, shi ne hanya mafi kusa ta samun rodi.

Saboda haka, duk ranar da mahukunta suka sake fitowa da alƙawarin kunna Ajaokuta, tambayoyin da ya kamata 'yan jarida da 'yan majalisa su yi su ne: wa ya duba gindin tanderun, kuma me ya gani? Daga ina kwal zai fito, da wane kuɗi, na shekara nawa? Su wane ne za su zauna gaban na'urorin auna zafi da tsakar dare, kuma wa ya koya musu? An ware kuɗin babban gyaran da zai zo bayan shekara 15? In babu amsar waɗannan, gara tanderun ya ci gaba da zama a sanyaye, domin wanda aka kunna aka bari ya mutu da ƙarfe a cikinsa ya fi wanda ba a taɓa kunnawa ba wuyar tayarwa.